A Maraɗi sunana Ta Bangi

Duk wanda ya taɓa sayen fanke da sassafe a bakin titin unguwar Zariya, wataƙila ya san ni ko da bai san sunana na yanka ba. Ta Bangi ake ce mini. Yara ne suka fara, manya suka ɗauka, yanzu har jikata in an tambaye ta gidan wa take, sai ta ce gidan Ta Bangi. Ba na jin haushi. Abin da ke ba ni dariya shi ne, shekara 36 da na yi a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ba wanda ya taɓa jingina ni da garin. Can "Arabo" ake ce wa duk mai sallah, Bahaushe ne ko Bafillace ko Babarbare. Sai da na bar garin sannan aka ba ni sunansa.

Kakana na wajen uba mutumin Maraɗi ne, ɗan gidan marina. Ya fita da niyyar hajji a ƙasa tun zamanin Nasara, kafin yaƙin Hitila. Da ya kai Forlami, wadda ake kira Njamena yanzu, guzuri ya ƙare, sai ya bi fatake masu kora shanu kudu don ya samu na ci gaba da tafiya. Makka dai bai gan ta ba. Ya yi aure a Bangi, ya haifi babana, babana ya haife ni a 1977, shekarar da shugaban ƙasar, Bokasa, ya ɗora wa kansa hular sarauta. Inna kuma uwarta 'yar ƙabilar Banda ce daga wajen Bambari. A gidanmu Hausa da Sango, yaren ƙasar, tare suke tafiya, ka fara zance da ɗaya ka ƙarasa da ɗaya ba ka ma sani ba. Na riski kakana tsoho tukuf, tsagar Katsinawa a kumatunsa, yana ba mu labarin gidansu a bakin gulbi da karofin da ke ƙofar gidan. Mu a lokacin tatsuniya muka ɗauka.

An kai ni ɗaki a unguwar Miskin. Maigidana yana da shagon kayan babur a PK5, wadda kowa ke ce wa Sankilo, kasuwar da duk Bangi ke cin abinci daga gare ta. 'Ya'yanmu huɗu, ɗaki uku da falo, da mangwaro a tsakar gida. Katanga ɗaya ta raba mu da wata 'yar Katolika mai sayar da gozo, tuwon rogon da ake ci can safe da dare. Ran layya cinya guda tata ce. Ran Kirsimati kuma kazar da za ta dafa maigidana take kawo wa ya yanka, don yarana su iya ci. Ni na riƙe mata fitila daren da ta haifi autanta. "Ita" muke kiran juna, wato 'yar'uwa da Sango.

Akwai abin da ba kowa cikinmu ke so a faɗa ba, amma ni zan faɗa. Ran 24 ga Maris 2013 da 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka shigo Bangi, shugaba Bozize ya tsere, jagoransu Michel Djotodia ya ce shi ne shugaba, akwai waɗanda suka yi guɗa a unguwarmu, wai yau namu ya hau. Ni ban yi guɗa ba, amma ban yi kuka ba. Wata da watanni mayaƙan nan suna shiga gidajen mutane suna kwashe motoci da katifu da firji, wanda ya yi gardama ya sha harsashi. Mu ma ba mu tsira duka ba, sai dai sau da yawa in sun ji sallama su wuce gaba. Wata rana da hantsi wasu masu rawani suka tsaya a ƙofar maƙwabciyata suka tura babur ɗin babban ɗanta, wanda yake kabu-kabu da shi yana ciyar da gidan. Ina tsaye a bakin ƙofata. Ta dube ni. Ina jin Larabcin Cadi kaɗan-kaɗan. Da na sa baki wataƙila su bari, wataƙila kuma su harbe ni. Ban gwada ba, sunkuyar da kai na yi na koma ciki. Yaron yana kallona.

Ran 5 ga Disamba da asuba 'yan anti-balaka, mayaƙan sa-kai masu adawa da Seleka waɗanda yawancinsu Kiristoci ne, suka afka wa garin da adduna da bindigogin farauta, wuyansu cike da layu. Seleka suka bi gida-gida suna ramuwa a kan mazan da ba su ji ba ba su gani ba. Cikin kwana biyu ɗaruruwan gawawwaki. Sojojin Faransa na Sangaris suka fara karɓe makaman Seleka, suka kore su daga titi, sai ya zama duk wanda ya ƙunshi baƙin ciki wata takwas ya samu inda zai sauke shi, kuma mu ne a kusa. Kwana biyar da fara abin maigidana ya ce bari ya leƙa shago ya dawo, tafiyar da ba ta kai rabin awa a ƙasa ba. Na ɗora masa ruwan wanka. Washegari ƙanena ya same shi a masallacin Ali Babolo, cikin waɗanda aka jera aka rufe da tabarmi. Har yau ban san hannun wa ba ne.

Daren nan a ɗakin da maƙwabciyata ke ajiye garin rogo muka kwana, ni da yara huɗu, muna jin ana ɓalle ƙofofi a bayan layi. Da gari ya yi shaa ta cire mini hijabi da hannunta, ta ɗaura mini kallabi irin nasu, ta goya autana. Na fito da ledar takardunmu, ta fili da na haihuwar yara, sai ta fizge. Ta ce, "Ita, akwai shinge uku kafin Sankilo. In suka ga sunayen nan ba za ku wuce na farko ba." Ta cusa ledar cikin buhun gari. A kowane shinge ita ke gaba tana zagin samarin da sunayen iyayensu, don ta san su tun suna yawo ba wando. A bakin Sankilo ta kwance goyon ta miƙo mini, ta juya ba ta waiwaya ba.

Takaba a ɗakin miji ake yin ta, kowa ya sani. Na tambayi wani malami a harabar babban masallaci, inda muke kwana cikin ɗaruruwan mutane, yaya zan yi. Ya ce, "Baiwar Allah, ɗakin yana ina? Ki ƙirga kwanakinki duk inda kika samu kanki, lalura ce." Wata huɗu da kwana goma na nan, na fara su a masallaci, na ci gaba a filin jirgi, na ƙarasa a garin da ban taɓa gani ba.

Farkon Janairu 2014 aka ce gwamnatin Nijar za ta turo jirgi ta kwashi mutanenta, kamar yadda Cadi da Mali da Senegal da Najeriya suke yi. Dattawan 'yan Nijar mazauna Bangi suka zauna da littafi suna rubuta sunaye. Ɗayansu ya san babana, ya rubuta ni da yara. Yaya, wanda direban babbar mota ne, ya ce shi ba zai bar motar mutane ba, zai bi ayari zuwa Kamaru. Inna ce ta ƙi motsi.

"Inna, ki taso mu tafi."

"Mu tafi ina? Ke kina da kakan da za ki bi sawunsa. Ni uwata a Bambari aka binne cibiyarta, ubanku kuma yana kwance a nan. Wa zan je in ce wa ni wace ce?"

Ƙanena ya zauna da ita.

Filin jirgin M'Poko ba zai fita daga idona ba. Dubun dubatan Kiristoci sun kafa bukkokin tamfol a gefen hanyar jirgi, wasu a ƙarƙashin fukafukan matattun jirage suna shanya. Mu muna wani ɓangare da ƙunshin kayanmu, sojan Faransa a tsakani. Su sun gudo daga mutanenmu, mu muna gudu daga nasu, ƙamshin miyar ganyen rogonsu yana iso mu, cikinmu na kuka.

A Yamai aka karɓe mu da mutunci, aka ba mu abinci da barguna, aka tambayi kowa jiharsa. Na ce Maraɗi, don ita kaɗai na san sunanta. Kuɗin da na ɗinke cikin zane kuwa, da na miƙa wa mai burodi sai ya juya takardar ya maido mini. Sefa ce, darajarsu ɗaya, amma ta Afirka ta Tsakiya ce, sai an kai wa 'yan canji sun yanki nasu. Muka ɗauki hanya: Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Gidan Runji, Tibiri. Tsakiyar hunturu ne. Yarana ba su taɓa ganin hazo ba, leɓunansu suka tsattsage kafin mu iso, ƙaramin yana tambayata da Sango wa ya sare itatuwan ƙasar nan duka.

Bayan isha'i muka sauka a tasha. Wani mai shayi ya ba mu benci, da safe ya sa yaronsa ya kai mu wurin mai unguwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, gidan kakana nake nema. A bakin gulbi yake, akwai karofi a ƙofar." Dattawan da ke wurin suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "'Yar nan, yaushe kakan naki ya fita?" Na faɗi abin da na sani. Ya girgiza kai. "Ai Maraɗin da ya bari ba ita ce wannan ba. Waccan ruwa ya ci ta, aka tashi gari aka hawo tudu." Daga baya na ji shekarar, 1945 ce. Wato garin da aka maido ni ya riga babana tafiya.

Amma suna ba ya nutsewa. Aka yi ta aikawa gidajen marina har kwana uku, sai aka kai ni wurin wata tsohuwa a Bagalam wadda idonta ya yi rauni. Da na faɗi sunan kakana da na ubansa, ta tafa hannu ta yi salati. "Wanda ya tafi Makka? Ai ƙanen babana ne! An yi masa sadaka tun ban yi wayo ba." Ta jawo ni ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce hancin gidansu ne. Da ta ji ina cikin takaba, ta sa aka fitar da buhunan hatsi daga wani ɗaki. "Ɗiyata, nan za ki ƙarasa." Allah ya jiƙan Gwaggo. Jikokinta dai ba duka suka yi murna ba. Akwai wanda ya ɗauka gado na zo nema, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Ban ga laifinsa sosai ba. Mace ta faɗo daga sama da 'ya'ya huɗu da Hausa mai gargada, ba takarda ko ɗaya.

Takardun nan sun ba ni wuya. Sai da aka je kotu da shaidu biyu kafin a yi wa yara na haihuwa, a wani ofishi kuma wani ma'aikaci ya ce mini, "Madam, da me za ki nuna ke 'yar ƙasar nan ce?" Na kusa yin dariya, don tambayar da aka yi mini ke nan a Bangi duk lokacin da na je neman katin ɗan ƙasa. A lakwal Faransanci ya ceci yarana, mushe ya ce sun fi 'yan ajin, amma a waje ana tsokanarsu wai sun ce "ruwa ya zo" maimakon "an yi ruwa". Tuwon hatsi ya ƙi wuce musu. Wata rana na gangara lambunan gulbi na roƙi wani mai lambu ya sayar mini da ganyen rogo. Ya ce, "Awaki nawa gare ki?" Na ce huɗu. Ya cika mini buhu kyauta. Na daka shi, na dafa da man ja da tunkuza kamar yadda muke yin ngunza, yaran suka ci suna kuka, ni ma haka. Da na fita takaba Gwaggo ta ba ni jikka 10 daga adashinta, na sayi fulawa da mai na fara soya makala irin ta Bangi. Maraɗawa suka ce fanke ne, na ce to fanke ne.

Duk wannan lokaci kunnena yana kan rediyo. Ran 10 ga Janairu Djotodia ya sauka a taron Njamena. Ran 20 majalisar riƙon ƙwarya ta zaɓi Catherine Samba-Panza, magajiyar garin Bangi. Mace ce mai hankali, na yi mata fatan alheri. Amma na kasa hana zuciyata lissafi: ita a Forlami aka haife ta, ubanta ɗan Kamaru, ga ta shugabar ƙasa, ni da aka haifa a Bangi, aka haifi ubana a Bangi, ni ce baƙuwa. A zamaninta ne ma, cikin Afrilu, aka kwashe Musulmin unguwar PK12 ta Bangi cikin manyan motoci aka yi arewa da su, don sojojin da aka kawo sun ce ba za su iya tsare su a inda suke ba.

Yaya ya isa Garwa-Bulai da rai, aka kai shi sansanin Gado. Nan na fahimci cewa ni da shi, ciki ɗaya, gudu ɗaya, a takarda ba abu ɗaya ba ne. Shi ɗan gudun hijira ne: yana da katin HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana ba shi abinci, kuma ranar da ƙura ta lafa akwai wanda nauyin maido shi gida ke wuyansa. Ni kuwa wadda aka riga aka maido gida ce, an rufe littafina. Shi yana ƙyashin ina da gari da dangi, ni ina ƙyashin har yanzu ana lissafa shi cikin mutanen Afirka ta Tsakiya. A 2015, bayan babban taron sulhu na Bangi da aka yi a watan Mayu, majalisar riƙon ƙwarya ta ce 'yan gudun hijira ba za su yi zaɓe ba, wai za a yi maguɗi, alhali kowa ya san yawancinsu su wane ne. Kotun tsarin mulki ta ce a'a, ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne ko yana cikin tamfol. Aka kai akwatuna Kamaru da Cadi da Kongo Brazabil. Ran 14 ga Fabrairu 2016, zagaye na biyu tsakanin Touadéra da Dologuélé, Yaya ya kira ni. "Ƙanwata, na dangwala. Ga tawada a yatsana." Muryarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Mako guda bayan haka ni ma na yi layi a Maraɗi, na jefa ƙuri'a a zaɓen Nijar, cikin 'yan takarar da rabinsu a hoto kawai na san su.

Inna ba ta ga wannan ba. Ƙarshen Satumba 2015 aka tsinci gawar wani yaro Musulmi ɗan kabu-kabu, gari ya sake kamawa, aka yi wa Sankilo zobe, ba shiga ba fita. Tana da hawan jini, magani ya ƙare, likita kuma yana bayan shinge. Cikin Oktoba ta cika. Maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, hanyarta a toshe tun farkon rikicin, sai a tsakar gidan da ƙanena ke haya aka haƙa mata. Ina cikin suya aka kira ni, na sauke kaskon na zauna a ƙasa, wata mai sayen fanke da ban sani ba ita ta kwashe sauran don kada su ƙone. Ran 30 ga Nuwamba Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin Sankilo, ƙanena ya ce da Fafaroman zai fita mutane suka bi bayan motarsa a guje, ranar ce shi ƙanen nawa ya fara taka wajen unguwar cikin wata biyu. A Fabrairu mutanen Sankilo da na Boeing suka sa hannu aka buɗe hanyar maƙabarta. Wata huɗu ne ya raba Inna da ita.

Farkon 2017 na ce sai na je na gani da idona. An rantsar da zaɓaɓɓen shugaba tun Maris ɗin bara, riƙon ƙwarya ya ƙare, rediyo na cewa siriri ta dawo, wato zaman lafiya. Na bar yara wurin Gwaggo, na bi Ɗan Isa, Jibiya, Kano, Yola, Garwa, Ngaundare, na kwana biyu wurin Yaya a Gado. Ya rame, gemunsa ya yi fari, yana gyaran babura a ƙarƙashin rumfa. Ya ce, "Ki dubo mana. In kin ce mu taho, mu taho." Daga Garwa-Bulai na hau saman kayan wata babbar mota cikin ayarin da sojojin MINUSCA na Majalisar Ɗinkin Duniya ke rakawa, muka bi Buwar, Yaloke, Bosambele, Bowali. A garuruwan da na san da masallatai da layin shagunan mutanenmu, ciyawa na gani da ginshiƙai.

Kabarin Inna yana kusa da inda matan gidan ke wanke-wanke, an kewaye shi da bulo, yaran gidan sun san ba a takawa. Na yi mata addu'a. Washegari na ce zan je Miskin. Ƙanena ya ce shi ba zai iya ba, kuma kada in kai la'asar. Na cire hijabi da hannuna wannan karon, na ɗaura kallabi.

Da ba don mangwaron ba da ban gane gidan ba. Ba kwano, ba ƙofa, ba taga, bulon ma an kwashe shi har ƙasa. Daɓen siminti ne kawai ya rage, ana ganin layin kowane ɗaki kamar an zana da alli. A kan daɓen falona akwai bukkar tamfol, wata mata tana tankaɗe a bakinta, yara uku na wasa. Na yi gaisuwa da Sango, ta amsa, ta ce wa nake nema. Na ce nan gidana ne. Ta ajiye rariyar a hankali. Ta ce ita daga M'Poko take, shekara uku tana can, yanzu an rufe sansanin an ba su ɗan kuɗi an ce kowa ya koma unguwarsa. Unguwarta tana gefen Sankilo. "Mutanenku sun ƙone gidan, wasu kuma sun gina a wurin. In koma ina?" Na tuna ƙamshin miyar nan a filin jirgi. Wa ya sani ko tukunyarta ce.

Muna cikin haka sai na ji an ce "Ita!" Maƙwabciyata ce, ta tsufa fiye da shekara uku. Muka rungume juna muka zube ƙasa. Ta ja ni ɗakinta, ta janye gado, ta sa wuƙa ta tone ƙasa ta fito da gwangwanin madara. Ledata tana ciki, takardar fili da na haihuwar yara huɗu, danshi ya ɗan ci gefe amma ana karantawa. Ta kawo gozo da ngunza, muka sa hannu a kwano ɗaya. Sai da muka ci rabi ta ce, ba ta dube ni ba, "Kwanon rufinki ɗana ne ya fara cirewa. Ya sayar ya sayi babur." Na yi shiru. Ta ce, "Na ce masa Allah ya isa. Ya ce mini ranar da aka tura nasa kina tsaye." Na ce, "Ina tsaye." Ba wadda ta ƙara magana a kai, muka ƙarasa abincin.

Na tambaye ta gaskiya, in na dawo da yara na sake gini, za mu zauna? Ta daɗe tana suɗe hannu. Ta ce, "Da rana ba mai taɓa ki, ni ce nan, mai unguwa ma zai tsaya miki. Da dare kuwa, ita, ko ɗan da na haifa ba ni da iko da shi."

Na ce wa matar nan mai tamfol ta zauna, kada ta sare mangwaron, kada ta yi ginin bulo. Kada a ɗauka kirki ne ya yi mini yawa. Filin da ba kowa a kai shi ake sayarwa da takardar ƙarya, gara mai tsoron Allah ta tsare mini shi. Muka je wurin mai unguwa aka rubuta, maƙwabciyata ta sa hannu a matsayin shaida. Kafin la'asar ina Sankilo. A hanyar dawowa na tsaya Gado, Yaya ya tare ni tun daga bakin sansani yana duban fuskata. Na ce, "Yaya, kasuwa na ci, motoci na tafiya. Amma ban kwana a Miskin ba." Bai sake tambayata komai ba.

A 2019 sai ga irin ranarmu ta iso ƙofar Maraɗi. Mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi ta tsallako iyaka zuwa ƙauyukan Gidan Runji da Madarunfa, suna gudun 'yan bindiga. Talakawan ƙauyukan nan suka raba rumbu da su tun kafin wata ƙungiya ta iso. Daga baya HCR ta buɗe ofishi a Maraɗi, aka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wata daga wajen Sabon Birni ta riƙa zuwa tana taya ni kwaɓa fulawa ina biyanta. Harshenmu ɗaya da ita, ba wanda ya tambaye ta hancin gidan wa gare ta, amma yadda take zabura in babur ya wuce da gudu, na san shi. Wata rana ta zo da murna, wai an yi sulhu da mutanen daji, gwamnoni sun zauna da su, maigidanta ya je ya ga gona, za su koma kafin shuka. Matan layinmu suka yi ta yi mata barka. Ni na ce, "Ƙawata, da ya je, a ina ya kwana?" Ta ce a gari mana. Ta ɗan yi shiru, ta ce a'a, ya ce mazan a cikin gero suke kwana, ko su tsallako wannan gefen in rana ta faɗi. Ban hana ta ba, wa ya isa ya hana mutum gonarsa. Na dai ce ta bar takardun yara da babbar ɗiyarta a wurina. Sun tafi da damina. Kafin a yi girbi ta dawo karɓar ɗiyar, da zane ɗaya a jikinta, ta sake zama bakin kwano tana kwaɓi.

A Yunin 2019 Kamaru da Afirka ta Tsakiya da HCR suka sa hannu kan yarjejeniyar maida 'yan gudun hijira, wanda ya so da kansa. Yaya bai yi gaggawa ba, sai bayan shekara uku ya rubuta sunansa, aka ba shi kuɗin somin zama, ya hau mota. Ɗaki ɗaya yake haya a Sankilo, ya koma tuƙi. Ni kuwa babbar ɗiyata ta yi aure a nan, mijinta ɗan kasuwa ne mai zuwa Kano, Gwaggo ta rasu a hannuna, autana ba ya jin Sango sai zagi da sunayen abinci. Na shuka rogo layi biyu a bayan ɗaki saboda ganye.

Watan jiya Yaya ya kira ni ta WhatsApp, ya juya wayar ya nuna mini mangwaron, ya yi girma har ya rufe inda ɗakin yara yake. Matar nan ta samu wuri ta tashi, ta bar wurin a share. Wasu gidaje biyu na mutanenmu a layin sun fara gini. Ya zo da magini suna awo da igiya a kan tsohon daɓen, maƙwabciyata na zaune a kujera tana ba su umarni kamar filinta ne. Ya ce in aiko da hoton takardar, da abin da ya sawwaƙa na siminti, a fara da ɗaki ɗaya.

Na ce, "Yaya, in an gama za ka kwana a ciki?"

Ya dubi sama, ina jin yana auna rana ne, don na ga inuwar mangwaron ta miƙe. Ya ce, "Bari dai a ɗora kwano tukuna." Sannan ya ce wa maginin ya naɗe igiyarsa, su kama hanya.